Tun ran gini, tun ran zane: Abin da bincike ya gano kan fasalin asibiti, da darasinsa ga Keita

Duk wanda ya taɓa yin jinya a gidan likita na karkara a jihar Tawa cikin watan Afrilu ko Mayu ya san yadda yinin yake tafiya. Da hantsi ɗakin kwanciya da dama-dama. Kafin azahar kwanon rufi ya ɗauki wuta, bangon siminti ya fara amayar da zafin da ya sha. Daga nan sai masu jinya su naɗe tabarmi, su fita da duk marar lafiyar da zai iya tashi zuwa gindin dogon yaro ko ƙarƙashin rumfa. Wanda ake yi wa ƙarin ruwa, da mai jego da ɗanyen jaririnta, su ne kan rage a ciki, ana yi musu fifita da mafici ko guntun kwali.

A gundumomin Keita, Buza da Madawa, inda ƙidayar 2012 ta nuna akwai mutum fiye da miliyan 1.3 idan an haɗa su, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a waɗannan watanni. Idan ana zancen matsalolin kiwon lafiya a yankin, an fi ambaton ƙarancin ma'aikata, tsadar magani da nisan hanya. Ba kasafai ake kawo maganar ginin kansa ba: ina ya fuskanta, yaya tsawon rufinsa yake, tagoginsa nawa, a ina ma'aikaci zai wanke hannu, a ina mace za ta haihu ba tare da idon jama'a a kanta ba.

Sai dai binciken da masana suka tara cikin shekara 40 da suka wuce ya nuna cewa waɗannan abubuwa suna cikin lissafin wanda zai warke da wuri da wanda zai kwaso wata cutar a kan wadda ta kawo shi. Maganar ta shafi hukumomi. Ta kuma shafi ƴan cirani da ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke zaune a Yamai, Kano, Legas, Abijan ko Libiya, waɗanda kan yi karo-karo su gina ɗakin haihuwa ko ɗakin kwanciya a garinsu.

Inda maganar ta samo asali

Tunanin ba sabo ba ne. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya ƴar Ingila da ta yi aiki a asibitin sojoji lokacin yaƙin Kirimiya, ta koma gida da alƙaluman da suka nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haifarwa sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji. A littafin da ta fitar kan asibitoci a 1859, ta nemi a riƙa gina ɗakuna masu tsawon rufi, da tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna, da tazara tsakanin gado da gado.

A zamaninmu, aikin da aka fi ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni shi ne na Roger Ulrich, wanda mujallar Science ta buga a 1984. Ya bi takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti na jihar Pennsylvania ta Amurka tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi an sallame su bayan kimanin kwana 8, sauran kuma bayan kwana 8.7, sannan rukunin farko bai buƙaci magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da yawa ba.

Binciken ƙarami ne, amma ya buɗe ƙofa. Ƙa'idar da ta biyo baya mai sauƙin faɗi ce: kafin mai zane ya ja layi a takarda, ya duba abin da aka auna a wasu asibitoci da abin da aka gano, bayan an gina kuma a dawo a auna, a ga ko ginin ya yi abin da aka ce zai yi.

Nijar ta riga ta ga amfanin kusantar da gidan likita ga jama'a. Daga farkon shekarun 2000, ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou, an gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, a 2006 kuma aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon mata masu ciki kyauta. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun ragu daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa waɗannan matakai cikin dalilan raguwar. An yi nisa a tambayar farko, wato kawo gini kusa da mutane. Tambayar da ta rage ita ce wane irin gini.

Rufin da ke ƙara wa marar lafiya zazzaɓi

Misalin da ya fi kama da halin da ake ciki a Adar ya fito ne daga birnin Ahmedabad na Indiya. A watan Mayun 2010 zafi ya kusa kai digiri 47 a birnin. A wani asibitin gwamnati marar na'urar sanyaya ɗaki, sashen haihuwa yana hawa na can sama, ƙarƙashin baƙin rufin kwalta. Tsakanin Afrilu da Yunin shekarar, jarirai 24 aka kai sashen kulawa ta musamman da zafin jiki ba tare da an samu wata ƙwayar cuta a jikinsu ba. A irin waɗannan watanni na 2009 su 8 ne, a 2011 kuma 4. A 2012 aka saukar da sashen haihuwa zuwa ƙasa, kuma masu binciken sun gano cewa sauyin wurin ya kare jarirai.

Jariri sabon haihuwa ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar babba. Haka ma yaro mai tamowa, da tsoho, da mai gudawa da ruwan jikinsa ya riga ya ragu. Magani ma yana jin jiki: allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace don hana zubar jini bayan haihuwa, tana rasa ƙarfi idan ta daɗe cikin zafi, shi ya sa ake son ajiye ta a firji.

Yankin Sahel ya ɗanɗana abin da zafi ke iya yi a farkon Afrilun 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a duk watan Afrilun 2023 mutum 130 ne suka rasu a can.

Wani zai ce a sa na'urar sanyaya ɗaki a huta. Matsalar ita ce wuta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2023 ya ce kashi 15 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki sam, kuma rabin asibitoci ne kawai ke da wutar da za a dogara da ita. Ƴan Nijar ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Ginin da sai da na'ura yake zaunuwa, ranar da wuta ta ɗauke ya zama tanda.

Dabarun rage zafi ba tare da lantarki ba sanannu ne. A shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye za su kalli arewa da kudu, ranar safe da ta la'asar su bugi gajerun. A ɗaga kwano sama da silin, a bar sarari a buɗe tsakaninsu don iska ta kwashe zafin kafin ya sauko. A faɗaɗa bakin rufi ya yi wa bango inuwa. A shafa wa kwano farin fenti. A dasa itace a yamma.

Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar ƙauyensu Gando, wadda aka gama a 2001 da tubalin ƙasa da kwanon da aka ɗage sama. Ya yi amfani da irin wannan tunani a asibitin garin Léo a 2014. A jihar Tawa ma akwai abin gani: a Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da matsattsen tubalin jar ƙasa a 2018, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Tun a 1980 kuma aka fara koyar da magina gini marar itace, mai baka da tulluwa, a Cikal ta yankin Filinge. Ita kuwa Keita, dutse ba abin nema ba ne a gare ta.

Bango mai kauri yana da sharaɗinsa. Yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, don haka sai da tagogin da za a buɗe bayan faɗuwar rana. A ɗakin haihuwa da na tiyata kuma dole daɓe da cikin bango su zama masu wankuwa da ruwa da sabulu.

Iska, ƙura da sauro

A 2007 wasu masana suka wallafa sakamakon awon iska da suka yi a asibitoci 8 na birnin Lima na ƙasar Peru. Sun gano cewa idan aka buɗe ƙofofi da tagogi, iskar ɗaki kan sabunta kimanin sau 28 a awa ɗaya. Ɗakunan keɓe masu tarin fuka da ke aiki da injin zuƙe iska, sau 12 ake nema daga gare su. Tsofaffin gine-ginen da suka haura shekara 50, masu tsawon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, sababbi kuma sau 17. Wato ginin kakanni ya fi na jikoki shan iska.

Amfanin wannan a bayyane yake. Tarin fuka da ƙyanda suna bin iska ne; duk lokacin da iskar ɗaki ta sabunta, ƙwayoyin da mai tari ya fitar suna raguwa. A Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu, tsakanin 2005 da 2006, an gano mutum 53 da tarin fuka mai bijire wa kusan duk magunguna, 52 suka rasu, kuma alamu sun nuna da yawansu a asibiti suka kamu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan shigar iska ta tagogi, inda ta nemi lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane marar lafiya a ɗakin kwanciya na gama-gari, da lita 160 a ɗakin masu cutar da ke bin iska. Asibitin Butaro na Ruwanda, da aka buɗe a 2011, an zana shi da wannan tunani: hanyoyin da mutane ke bi da wuraren jira suna waje ƙarƙashin inuwa, maimakon dogon lungu rufaffe da masu tari ke cunkushewa a ciki.

A nan ne Keita ta bambanta da Lima da Butaro. Tagar da za ta fitar da ƙwayar tari ita ce za ta shigo da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Maris, ita ce kuma ƙofar sauro da damina. Yankin yana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, kuma wani bincike da cibiyar CERMES ta Yamai ta yi da masana daga Liverpool ya danganta ƙura da tsananin zafi da ƙaruwar cutar.

Game da sauro, gwajin da aka yi a gidaje 500 a Gambiya, wanda Lancet ta buga a 2009, ya nuna cewa sa raga a ƙofofi da tagogi da toshe kafar da ke ƙarƙashin rufi ya rage sauron da ke shiga da fiye da rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a jikin yara. Sai dai raga tana rage iska, don haka tagar da za a sa wa raga sai an ƙara mata girma tun a zane.

Game da ƙura kuwa, yankin yana da nasa tarihin. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya na Buza don karya ƙarfin iska, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna gero ya fi yin kyau a gonakin da layukan suka kare. A gona aka auna wannan, amma ya isa dalilin gwada layin itatuwa a arewa maso gabashin gidan likita, inda hunturu ke fitowa, tare da tagogi masu marfin da za a rufe ɓangaren iska a bar ɗaya ɓangaren a buɗe.

Watannin da gado ba ya isa

Asibitin wannan yanki ba ya cika daidai wa daida duk shekara. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro kan haɗu a kan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa sashen yara na asibitin gundumar Madawa tun 2006, bayan matsalar abinci ta 2005. A manyan sassan yara na kudancin Nijar akan ƙara gadaje a wannan lokaci, wani sa'in har da tantuna.

Abin da cunkoso ke iya haifarwa an auna shi a Maraɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya bi yara 55 masu tsananin tamowa a wata cibiyar farfaɗo da su. Ranar shiga, kashi 31 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Cikin yara 16 da suka shiga ba su da su kuma aka sake gwadawa ranar sallama, 15 sun fita da su. Ɗaukar ƙwayar a hanji ba ya nufin yaro ya kamu da ciwo nan take, kuma yawan shan magani yana cikin dalilan. Amma binciken ya nuna ƙwayoyin na tsallakawa daga yaro zuwa yaro, kuma ranar da suka shiga jini maganin da aka saba ba zai yi aiki ba.

Gini yana da rawar takawa a nan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce marar lafiya ɗaya a gado ɗaya, da tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje. Wurin wanke hannu kuma ya kasance a inda ake taɓa marar lafiya, don ma'aikacin da ke duba yara da yawa shi kaɗai ba zai riƙa fita tsakar gida bayan kowane yaro ba. Rahoton haɗin gwiwa na hukumar da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin tsaftar hannu a wurin aiki da kuma bakin banɗaki.

Tunda an san watannin cunkoso suna zuwa kowace shekara, ana iya yi musu tanadi tun a zane: daɓen siminti mai rufi, da famfo da magudanar ruwa da banɗaki a kusa, wanda zai zama rumfar jira da rani, ya koma ɗakin kwanciya da damina. Haka ma ɗaki mai ƙofarsa daban don mai ƙyanda, mai tari ko mai amai da gudawa, yadda ba zai ratsa layin mata masu awon ciki ba.

Kunya, uwa da mai jinya

Akwai abin da ma'aunin zafi ba ya kamawa. A ƙasar Hausa haihuwa al'amari ne na sutura da kunya, musamman haihuwar fari. Idan ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon rumfar da maza ke zaune, ko tagarsa tana bakin hanya, ko mata biyu suna naƙuda babu ko labule a tsakaninsu, labarin kan zagaya gari, kuma wata za ta gwammace ta durƙusa a ɗakinta. Nazarin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda irin tarbar da ake yi wa marar lafiya ke shafar dangantakarsa da gidan likita.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita lokacin naƙuda, a kuma bar ta ta haihu a yanayin da ta fi so. Shawarar ta dogara da gwaje-gwaje 26 da suka haɗa mata fiye da 15,000, waɗanda suka nuna cewa macen da ke da mai tsaya mata ta fi haihuwa da kanta, naƙudarta ta fi gajarta, kuma ba a cika kaiwa ga yi mata tiyata ba. Amma uwa ko gwaggo ba za ta shiga ba idan babu wurin tsayuwa da shamaki tsakanin gado da gado.

Akwai kuma binciken da ya tilasta a rushe bango. An yi shi a asibitoci biyar a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya kan jarirai fiye da 3,200 da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, aka wallafa a 2021. Jariran da aka ɗora a ƙirjin uwa, fata da fata, tun daga haihuwa, mutuwarsu cikin kwana 28 ta yi ƙasa da kashi 25 cikin 100 idan an kwatanta da waɗanda aka fara ajiyewa a kwalba. Don a yi hakan, sai da asibitocin suka gyara ɗakin bakwaini ya ɗauki gadon uwa, da wurin wankanta da cin abincinta. Duk ɗakin jariran da za a gina yau ba tare da wurin uwa ba, an gina shi a kan tsohon ilimi.

Masu jinya ma haka. Su ne ke dafa abinci, su wanke kaya, su kwantar su tayar. Fabrizio Carola, ɗan Italiya da ya zana faɗaɗa asibitin Kaédi na Muritaniya da tubalin da aka gasa a garin, ya yi wa dangin marar lafiya wurin zama a cikin tsarin, aikin kuma ya ci kyautar Aga Khan a 1995. Inda ba a ware wa masu jinya murhu, wurin wanki, banɗaki da inuwar salla ba, za su samar wa kansu, sau da yawa a bakin tagar ɗakin kwanciya.

Ba kowane bincike ne ya dace da Adar ba

Mafi yawan binciken wannan fanni a ƙasashe masu arziki aka yi shi, kuma kwafe shi ido rufe yana da haɗari. A Amurka, tun 2006 ƙa'idar gina sababbin asibitoci ta koma ɗaki ɗaya ga marar lafiya ɗaya. A inda ma'aikacin jinya ɗaya ke kwana da ɗaki cike da yara, irin wannan tsari zai ɓoye masa yaron da ya fara jijjiga. Abin da ya fi masa amfani shi ne teburin da zai hango kowane gado daga inda yake zaune, da mafi tsananin ciwo a kusa da shi.

Saboda haka hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda aka auna a gida, kuma ba ta da tsada. Ƙananan ma'aunan zafi masu adana bayani za su nuna ɗakin da ya fi zafi da sa'ar da yake kaiwa ƙololuwa. Na'urar auna iskar da mutane ke fitarwa da numfashi za ta nuna inda iska ba ta sabunta. Rajistar asibiti za ta nuna makonnin da gado ba ya isa. Ungozoma, mai shara, mai gadi da matan da suka yi jinya sun san inda ruwa ke kwanciya da ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba. A Tambacounda ta Senegal, kafin a gina sashen haihuwa da na yara da Manuel Herz ya zana da bulo mai huji-huji, wanda aka buɗe a 2021, an fara gwada irin bangon a wani ƙauye, gwajin kuma ya zama makaranta.

Keita ba baƙuwar wannan hanya ba ce. A 1984, shekarar da Ulrich ya fitar da bincikensa, aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da shirin abinci na duniya. An duba yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari, aka ba kowane wuri maganinsa: kunyoyi a kan fako, ramuka a gangaren dutse, shingen dutse cikin waya a ƙoramu. Mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauki duwatsun. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, daga baya kuma masana suka dawo da hotunan tauraron ɗan adam suka auna abin da ya canza. Mutanen Tamaske, Ibohamane da Garhanga sun ga da idonsu bambancin aikin da aka yi bayan awo.

Kafin a aika kuɗin siminti

Cibiyoyin lafiya na gwamnati suna bin tsarin gini da taswirar da ma'aikatar lafiya ta amince da su, don haka duk mai son taimakawa sai ya fara da shugabannin lafiya na gunduma da magajin gari. Amma cikin tsarin akwai abubuwa da yawa da ake yanke shawararsu a fili, ranar da ake kafa turaku. A nan ne ƙungiyar ƴan cirani ko matasan da suka tara kuɗi ke da bakin magana.

Suna iya tambaya ina ginin zai fuskanta, kuma me ya sa. Ko akwai silin da sarari tsakaninsa da kwano. Ko tagogi suna kallon juna, suna da raga, kuma za su buɗu. Daga ina ruwa zai zo, a ina famfo zai tsaya. Wa zai iya hango cikin ɗakin haihuwa daga waje. Ina uwar bakwaini za ta kwana, ina masu jinya za su yi girki. Ko an zauna da ma'aikatan da za su yi aiki a ciki kafin a kammala zane. Da kuma wanda zai gyara raga idan ta yage, ko famfo idan ya lalace.

Wasu daga cikin waɗannan, kamar juya fuskar gini ko matsar da ƙofa, ba sa ƙara ko dala a kan kuɗin aiki idan an yi su tun a takarda. Bayan an zuba kankare kuwa, gyaransu sai da rushewa, kuma ginin da aka kafa bana zai iya karɓar haihuwar jikokin waɗanda suka gina shi.

Akwai gwaji ɗaya da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba. Bayan an yanke ƙyalle an watse, a bari sai watan Afrilu ya kama, a koma da azahar, a duba ko marasa lafiya suna kan gadajensu ko suna gindin dogon yaro.